Awon Hannun Hagu

Baba,

Ina gaishe ka da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Ƙanƙarar kogi ta fashe kuwa?

Ni lafiya lau, sai gajiya. Wuni muke a tsaye a masana'antar kifin gwangwani, har ƙarnin ma na daina ji. A aiko mini da busasshen kifin gida, na nan ba ya ciyuwa.

Ka ce ka shafa wa katakon da nake jefa mashi da shi mai, yana jirana kafin tsuntsayen dinya su sauka. Allah ya saka, Baba. Amma ka ba ƙanena Ayaprun katakon. Na san za ka ce, "Kai, wa ya taɓa jifa da katakon da aka sassaƙa a kan awon hannun wani?" Injin yankan kifi ne ya ɗan taɓa ni a hannun dama. Ya warke, kada Inna ta ji. Sai dai ramin da ka fafe wa manuniyata a katakon, yanzu ba abin da zan sa a ciki.

Ga zare cikin takardar nan, awon gwiwar hannuna zuwa yatsa. Na hagu ne. Ka sassaƙa mini sabo, ka sake koya mini jifa daga farko.

Ɗanka,
Tumak