Kilo Sittin da Uku da Rabi

Gwarzo, 3 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da Inna. Yaya shanu, yaya aikin gona? Allah ya sa dawar ta yi kyau.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direban motar garinmu Gammo. Na ji saƙonka cewa in tattaro kayana in dawo, wai ɗan gidanmu ba zai zama abin kallo ana dukansa a fili ba. Yaya, ba zan dawo yanzu ba. Shekara uku ke nan da na bar damben gargajiya na koma na safar hannu wurin Malam Tasi'u. Da safe ina dakon buhuna a kasuwar hatsi, da la'asar ina atisaye, kuma ban taɓa roƙon kowa ba.

Ran ashirin ga wata za a yi gasar shiyyarmu a nan, wanda ya ci shi zai tafi Kano. Wannan damben bisa nauyi ake haɗa mutane. Ajina shi ne kilo sittin da uku da rabi, wanda suke kira lait-welta. Jiya masu shirya gasar suka kira ni, suka ce in hau ajin sama. Dalili kuwa akwai wani Lukuman, ɗan 'yar'uwar ɗaya daga cikinsu, so suke ya wuce ba tare da ya gamu da ni ba. Har cewa suka yi ɗan damben gargajiya hannu ɗaya gare shi, za a ji mini ciwo a banza. Na ce musu wata biyu na yi ban sha fura ba don in tsaya a wannan nauyi, a nan zan tsaya.

Ka gaishe da Inna ƙwarai.

Ƙaninka, Badaruddeen.

Gwarzo, 19 ga Oktoba.

Yaya Sharfaddeen,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ban ga amsarka ba, amma direba ya ce ka karɓi takardar ka sa a aljihu.

Yau da hantsi aka yi awo. Na hau sikelinsu, allura ta tsaya a sittin da huɗu. Nan take mai rubutu ya ja biro zai soke sunana. Ni kuwa da asuba na auna kaina a kasuwa, na san ban wuce ba. Na ƙi sauka. Aka yi ta magana, wani ya ce zai kira 'yan sanda, na ce ya kira, ina nan a tsaye. Wallahi ga yunwa ga ƙishirwa, amma na san in na sauka shi ke nan.

Malam Tasi'u ya hau babur ya je wurin Alhaji Ja'afaru, mai hatsin da nake wa dako, suka zo da ƙarfen awonsa na kilo ashirin. Sai da na ga ƙarfen a ƙasa sannan na sauka. Aka ɗora, sikeli ya nuna ashirin da rabi. Alhaji ya dube su ya ce, "In da da wannan nake sayar da masara, da tuni an kore ni daga kasuwa." Aka kawo wani sikelin, aka sake auna kowa, na fito daidai.

Lukuman bai san da zancen maguɗin ba, na gani a fuskarsa. Ya zo ya ba ni hannu. Gobe ni da shi ne.

Ban roƙe ka ka zo ba. Addu'a kawai nake so, ko da ranka a ɓace.

Naka, Badaruddeen.

Gwarzo, 24 ga Oktoba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da yara, da fatan an fara yankan dawa lafiya. Za ka ga rubutun ba nawa ba ne. Malam Tasi'u ke rubutawa, ni ina faɗa.

A turmin farko na kai wa Lukuman naushi da dama, ya sunkuyar da kai, hannuna ya sauka a tsakiyar kansa. Na ji ƙashi ya yi ƙara a cikin safa. Da aka huta Malam ya ɗauki tawul zai jefa don a tsayar da wasa. Na riƙe shi, na ce in ya jefa kada ya sake yi mini magana har abada. Yanzu ma da yake rubuta wannan yana girgiza kai.

Turmi biyun da suka rage da hagu na yi su. Lukuman gwani ne, ya fasa mini gira, ya sa na ga duhu sau biyu. A turmi na uku na same shi a haƙarƙari, ya durƙusa, alƙalin wasa ya ƙirga takwas kafin ya miƙe. Da aka gama, hannuna aka ɗaga.

A asibiti sun ce ƙasusuwa biyu ne suka karye, sai na yi wata uku ban taɓa safa ba. Gasar Kano kuwa saura mako biyu. Saboda haka Lukuman ne zai tafi a madadina. Da aka gaya mini na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Jiya Lukuman ya zo duba ni, na nuna masa inda yake barin haƙarƙarinsa a buɗe.

Ran Juma'a ina tafe gida. Da hannu ɗaya ba zan iya yanka ba, amma zan iya kora shanu. In hannun ya warke zan komo Gwarzo, gara ka sani tun yanzu.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka shirya wa Inna zancen kafin ta ga ɗorin. Na san ka, za ka ce mata daga babur na faɗo. Kada ka faɗi haka. Ka ce mata a dambe ne, kuma ni na ci.

Wassalam.

Ƙaninka, Badaruddeen.