Buhunan da Na Wanke

Litinin, 3 ga Maris

Mutane suna ɗauka cewa karnukan farauta sai an cusa su wuri ɗaya sannan su saba da juna. Ni dai na karanta, ba haka ba ne. Littattafai biyu na aro a ɗakin karatun makarantarmu, duka sun ce kowane kare da ɗakinsa da kwanonsa, babu faɗa, kuma cuta ba ta yaɗuwa. Tun da Baba ya karye a ƙugu muka ɗauko shi ya dawo gidana, karnukansa uku suna dunƙule a tsohon ɗakin ajiya, kan wasu buhuna da suka yi baƙi ƙirin. Toka, tsohuwar karya mai furfura a baki. Gaggawa, matashin da ba ya iya zama. Sai Shiru, wanda sunansa ya ishe shi bayani.

Na kira kafinta. Na zana masa ɗakuna uku a bayan takardar jarrabawa, har da ma'auni. Ya duba ya ce, "Malam, wannan ai ya fi ɗakina kyau. Babu na huɗu?"

Laraba, 5 ga Maris

Na kai wa Baba zanen. Shi ma na ba shi ɗakin da ya fi kowanne shiru, can ƙarshen baranda, nesa da hayaniyar yara, don ya huta. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini. "To, mai littafi. Sun ce maka suna so?" Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Asabar, 8 ga Maris

An gama. Ƙamshin sabon katako ya cika tsakar gida. Na wanke buhunan nan da sabulu har sau uku, ruwan farko kamar tawada. Na shanya su a igiya, iska tana kaɗa su, na tsaya ina kallo har na ga kamar filafilan jiragen ruwa ne, gidan gaba ɗaya yana shirin tashi. Uwar yara ta ce in matsa, na tare mata hanya.

Kowane kare ya shiga ɗakinsa. Tsaf, kamar 'yan aji ranar da mai duba makarantu zai zo.

Talata, 11 ga Maris

Toka ba ta ci ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau ma ta shinshina kwanon ta kau da kai. Ba ta kuka, ba ta haushi. Tana kwance ta manna hancinta a ƙasan katakon da ya raba ta da Shiru, inda akwai 'yar kafa da ba ta kai faɗin yatsa ba.

A aji ina koyar da yadda ruwa yake hawa sama ya zama girgije ya dawo. Ina cikin zana kibiyoyi a allo sai hankalina ya tafi. Na ga dajin da Baba yake kai ni ina ƙarami, raɓa a kan ciyawa, karnuka suna gudu a gabanmu kamar an ɗaure su da zare ɗaya wanda ido ba ya gani. Ɗaya ya karkata, sauran su karkata. Ban taɓa tambayar wa yake riƙe da zaren ba. Sai da ajin ya fashe da dariya na lura alli ya ƙare, da yatsa nake rubutu.

Juma'a, 14 ga Maris

Likitan dabbobi ya zo. Ya duba haƙora, ya danna ciki, ya auna zafi. Babu komai. Ya ce a shekarunta, in ta ƙara mako guda a haka, ba lallai ta tashi ba. Ban gaya wa Baba ba. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Ita ta kwanta a jikinsa ranar da ya faɗi a kwazazzabo, har aka zo aka same shi.

Da na je ɗauko tiren abincinsa, rabi ya ci. Ya ce ba ya jin yunwa. (Jiya ma haka ya ce. Shekaranjiya ban lura ba.)

Lahadi, 16 ga Maris

Na ce bari in sake su tare a fili da safe, ko ta ji daɗi. Ban san abin da ya faru ba. Gaggawa ya zo ya shinshina ta, ya ja baya, gashin wuyansa ya miƙe, ya yi mata gurnani. Ita da ta goya shi tun yana ɗan kwikwiyo! Shiru kuma ya tsaya nesa yana kallonsu kamar baƙi a tasha. Da ƙyar na raba su.

Abin kunya, har na ce a raina: ka gani, littafi ya yi gaskiya, da suna tare da sun kashe ta.

Baba ya ji gurnanin daga ɗakinsa. Ya aiko a kira ni. Tambaya ɗaya ya yi: "Ina buhunan?" Na ce suna nan, na wanke su tas. Ya rufe ido. Sai ya ce, "Ɗan nan, ka goge musu suna."

Ya yi mini bayani a hankali, yadda nake yi wa wanda bai gane darasi ba. Wai warin da na ji a buhunan ba datti ba ne a wurinsu. Jikin wannan ya goga a na wancan, shekara da shekaru, har suka zama wari ɗaya. Da shi suke gane na gida. Yanzu kowa yana warin sabulu da sabon katako da kansa kaɗai. "Abinci kam raba musu, ni ma ina rabawa, Gaggawa ɓarawo ne. Amma barci?"

Na ce me ya sa bai faɗa ba tun farko. Ya ce, "Ka zo da zane, ba da tambaya ba."

Litinin, 17 ga Maris

Bai ce in rushe ɗakunan ba. Ya ce kada in haɗa su yanzu, za su yi ɓarna. Kowace safiya in ɗauki buhun wannan in kai wa wancan, in yi ta juyawa. Ya kuma tuɓe tsohuwar rigarsa ya ce in shimfiɗa wa Toka.

Ta tusa kanta cikin rigar har kunnuwa. Na tsaya a wurin har na makara.

Laraba, 19 ga Maris

Ta lashi romo. Kaɗan. Na ruga na gaya wa Baba kamar wanda ya ci jarrabawa. Ya ce, "Romon wa ka ba ta, nawa?" Karo na farko da na ji dariyarsa tun zuwansa. Na zauna a bakin gadonsa na sha shayina a can. Ɗakin yana warin maganin shafawa da fenti. Babu warin kowa a cikinsa. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Asabar, 22 ga Maris

Kwana shida ana juya buhu. Da hantsi na cire katakon da yake tsakanin Toka da Shiru. Ya shiga, ya zagaya sau biyu, ya kwanta ya ɗora haɓarsa a bayanta. Ta yi ajiyar zuciya irin ta mutum. Gaggawa sai wani makon, in ji Baba.

Kafinta ya wuce ya ga katakon a jingine. "Malam, har an fara rushe makarantar?" Na ce gyaran jadawali ne kawai.

Talata, 25 ga Maris

Toka ta cinye kwanonta, ta leƙa na Shiru.

Littattafan ba su yi ƙarya ba, kwano daban yana da amfani, kuma ɗakunan za su yi rana in wani ya yi ciwo. Zan mayar da littattafan gobe.

Mun matso da gadon Baba ɗakin da yake kusa da falo. Saboda haske ne, can ƙarshen baranda akwai duhu. Yara suna shiga suna fita, sun zubar masa da ruwa a bargo, ƙaramar ta yi barci a ƙafafunsa da rana. Na ce zan hana su. Ya ce in je in yi makin takarduna. Tirensa ya dawo babu komai a kai.

Uwar yara ta ɗauko bargon za ta wanke, na ce ta bar shi tukuna. Ta dube ni, na dubi taga.

Idan wani ya ga wannan shafin wata rana, yana da karnukan da suka daina gane juna, kada ya yi gardama da kowa. Ya juya musu shimfiɗa kwana shida, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalla.