Wa Ya Haƙa Rijiyar Ƙofar Gidanmu?

Danau Kota, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum Baffa Abdulmajid,

Wa ya haƙa rijiyar ƙofar gidanmu? Ku gafarce ni, tambaya ta riga gaisuwa fitowa. Ina fatan kuna lafiya, da Inna. Yaya jikin Kaka?

Ni lafiya lau. Karatu ya ɗan tsaya, ina jera tsofaffin littattafai a wani shago kusa da Masjid India. Sau ɗaya nake cin abinci a rana, amma ina ƙoshi. Kada Inna ta ji.

A shagon na tsinci littafi kan wani ɗan gari a Ingila da bai kai rabin namu ba. Shafi ɗari uku! Sun rubuta wanda ya haƙa rijiyarsu, har shekarar da ta ƙafe. Ba mai shan ruwanta, amma sun kewaye ta suna gadi.

Ranar da na gama littafin ƙanwata Walida ta turo min hoton tamu rijiyar. An cike ta da ƙasa, wai za a kafa shagon cajin waya. Rijiyar da ta shayar da unguwa lokacin fari! Kaka kaɗai ta san sunan wanda ya haƙa ta, ga shi ta fara manta namu.

Don Allah Walida ta tambayi Kaka sunan, ta naɗi maganarta a waya, yau ba gobe ba. Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara muku girma.

Amma Baffa, an ce da saninku aka cike rijiyar. Ba na son amsa a waya. Ranar Juma'a ku tsaya ƙofar masallaci ku gaya wa unguwa: wa ya ba da izini?

Ɗanku,
Muntasir