Jirgin da Baba Ya Kai Gaban Bagade

Muchia, Sabon Gari, Zariya.

Ƙanena Japheth,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Yesu. Ina addu'a Allah ya ƙara maka sauƙi, ƙirjin nan ya daina ciwo. Mu nan lafiya lau. Mama ta koma suyar ƙosanta, maigidana Henry kuma yana nan yana zirga-zirgar aikinsa a Samaru. Tun ranar da muka ji kwale-kwalenku ya kife a teku, jirgi mai saukar ungulu ya tsamo ka da igiya, bakinmu bai huta da godiya ba.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da ka bar masa shagon walda ka shiga sojan ruwa bai ƙara kiran sunanka ba, sai dai ya ce yaron nan. Ko da labarin hatsarin ya zo, tashi ya yi ya tafi shago, raina kuwa ya ɓaci ƙwarai. Ashe tsohon nan akwai abin da yake ƙullawa. Bikin godiyar kaka na coci ya matso, lokacin da kowa ke kai abin da hannunsa ya samar gaban bagade, mai doya da doya, mai akuya da akuya. Shi ya ce jirgin da ya cece ka zai ƙera.

Na farko da ya haɗa, sanduna ya yi masa a matsayin ƙafa. Henry ya nuna masa hotuna a waya, ya ce wannan tsohon samfuri ne na tudu, na ruwa tayoyi gare shi, kuma ana ninke fukafukansa don ya samu wuri a kan jirgin yaƙi. Baba ya yi tsaki ya sake sabo. Yana gamawa sai Henry, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce ai irin wannan mai kumburi a ƙasan hanci na farautar jiragen ƙarƙashin ruwa ne, na ceto yana da abin jan igiya a saman ƙofa. Na zaci da guduma Baba zai jefe shi. Sai kawai ya tambaya ta wace ƙofa aka shigar da kai.

Ranar Lahadi ya ɗora na ukun a kai, ya taka rawa har gaban bagade da gwiwar nan tasa mai ciwo. Mutane suna ta dariya, shi kuwa ya karɓi makirfo ya ce irin wannan Allah ya aiko ya ceci ɗansa Japheth. Ni dai kuka na yi, ko kunya ban ji ba.

Mama da Henry suna gaishe ka. Ka gaida matarka Christabel, Allah ya saka mata da jinyar da take yi, ka shafa mini kan ƙaramar Nonye. Baba yana zaune kusa da ni, yana yi kamar ba takardar yake leƙe ba. Ya ce in gaya maka ka zo Kirsimeti da kakinka, yana so ya gan ka a ciki.

Taka har kullum,
Yayarka Lucia