Kumatun Suwaiba

Cadawa, 1984

Zuwa ga Yayana Mudi, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa maka asiri. Mu nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi, amma bana ma gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Rabin unguwarmu sun watse, har Maikuɗi mai cika bakin cewa gawarsa kaɗai za ta bar garin nan. Maigidana Idi ya sayar da jakin, dilo, wato 'ya'yan anza, da ganyen tafasa muke ci.

Maganar ɗiyarka ta wajena, Suwaiba, ce ta sa na rubuto. Ka san tun tana ƙarama gaɓoɓinta ke ƙagewa, yatsu ba sa miƙewa. Likitan Maraɗi ya ce da ciwon aka haife ta, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba ya warkewa. Ya ɗora ta kan wasu ƙwayoyi, kortizon, suka sassauta mata har tana riƙe ludayi da kanta. Sai dai ya ja mini kunne cewa in aka tsayar da su kwatsam tana iya mutuwa. Duk wata sai mun je karɓa, shi ya sa ba mu bi mutane mun bar gari ba.

Maganin nan yana kumbura fuska. In ka gan ta sai ka rantse ɗiyar mahauci ce, alhali ƙafafun kamar sillen kara. Ranar rabon dawar agaji, mai rabon ya ja kumatunta yana dariya, ya ce gidan da ke da wannan bai san yunwa ba, ya wuce mu. Na bi shi da kwalbar maganin, ko waiwayowa bai yi ba. Yanzu a bakin rijiya cewa ake mun binne hatsi a ɗaki, har maƙwabciyata Nana ta daina amsa gaisuwata.

Shekaranjiya Suwaiba ta kasa tashi, sai amai. Da na ɗaga tabarmarta na tarar da ƙwayoyin ƙulle a tsumma. Ashe a kunci take ɓoye su, in na juya baya ta fiddo. Ta ce so take kumatun su faɗa kafin rabo na gaba, don a ba ƙannenta dawa. Yaya, ko ranar da muka binne Baba ban yi kuka irin wannan ba. Na mayar da ita kan maganin, ta ɗan farfaɗo. Yanzu kowace safiya da hannuna nake ba ta abin da ke hana mu abinci, in kuma buɗe bakinta in duba.

Na san iyaka a rufe take. Amma in ka samu mai ratsowa ta daji, ko tiya biyu ce ta hatsi ka aiko mana.

Ka gaida matarka Husaina, da Abdu, da auta Tala. Idi yana gaisuwa. Suwaiba ma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a Kano ana ba mai kumatu abinci.

Ƙanwarka,
Lantana