Ramin bakin titi ya ci mai gyaran rediyo

Maman Auta,

Na ga kin dawo daga aiki a gajiye, ban tashe ki ba. Tsohon nan mai gyaran rediyo ya rasu. Ruwan safe ya shafe ramin bakin titi, ya tafi da reshen da muke kafawa don gargaɗi. Tsohon ya taka, ya faɗa ciki. Na tafi jana'iza.

Mutanen hukuma har sun riga gawa isowa gidan mamacin, sun ce ƙaddara ce. Direbansu kuwa ya kauce wa ramin da gwaninta. Ashe sun san inda yake.

Don Allah ki ɗauko Auta daga makaranta da kanki, ki riƙe hannunsa gam. Hadari ya sake haɗowa.