Mijina Ya Shiga Jirgin Da Ba Namu Ba

Anti Rosalind,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. A waya nake rubuto miki daga cikin jirgin ruwan da muka yi haya, muna ɗaure a bakin ruwa a garin Chester, mijina Gordon yana barcin rana, ni kuwa ko shayi na kasa sha.

Duk bazara sai mun hau irin jirgin nan siriri mai ɗaki a ciki, mu bi hanyoyin ruwa, tun 'yarmu Bethan tana ƙarama. Shi ke tuƙi, ni ke sauka in buɗe ƙofofin ruwa, waɗanda ake tare ruwa da su a cika ko a rage don jirgi ya hau ko ya gangara. Yanzu ya haura saba'in, amma har gobe matasa na tsayawa kallon yadda yake juya jirgi.

Jiya Asabar da safe ya fita sayo madara da jarida. Shagon ga shi nan, daga taga ina hango shi. Na soya ƙwai, ƙwan ya huce, ban ga Gordon ba. Na fita ina leƙa gadoji, ina duba ruwan ba tare da na so ba. Can na jiyo muryarsa. Ashe jirgin wasu ya shiga, kore irin namu, har ya ɗora musu buta a wuta. Matar jirgin ta rungume ɗanta tana cewa, “Malam, don Allah ka fita.” Shi kuma yana cewa, “Ke ce za ki fita, yarinya. Ina kika kai mini matata?”

Da ya gan ni sai ya tsaya yana kallona. Kallon da ya yi mini kafin ya gane ni, shi ne ya hana ni sakat. Daga baya ya kwashe da dariya, wai duk jiragen nan uwarsu ɗaya. Na ba matar haƙuri, na jawo shi.

Ba wannan kaɗai ba ne. Ranar Alhamis ya manta bai ɗaure igiyar baya ba, jirgi ya karkace ya tare hanya. A cikin makon nan ma ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu. Da na taɓo maganar sai ya ce, “Kada ki kuskura ki gaya wa Bethan. Kin san ta, makullin mota za ta fara ƙwacewa, sai kuma gidan tsofaffi.” Tun da muka yi aure ban taɓa kai maganarsa waje a ɓoye ba.

Gobe za mu tashi, kuma ƙofofin da ke gabanmu masu zurfi ne. Ni ina sama ina buɗe ƙofa, shi kaɗai a ƙasa cikin jirgi. In ya shagala jirgin ya maƙale, nutsewa zai yi. Ban iya tuƙi ba. In na hana shi, na karya masa zuciya. In na ƙyale shi fa?

Matar Gordon

*

Matar Gordon,

Na tura miki amsar nan tun ranar da saƙonki ya iso, na kuma buga ta a shafina na ba da shawara don wasu su amfana.

Gobe jirgin nan ba ya motsi. Wannan ba abin shawara ba ne. Ki kira kamfanin da ya ba ku haya, ki ce direbanku ba shi da lafiya, ki tambaye su ko za su turo mai tuƙi ko su zo su karɓi abinsu. Ba ku ne farau ba.

Sannan likita, yau ba sai kun koma gida ba. Na san sunan cutar da kike tsoro har kika kasa rubutawa. Tana iya yiwuwa. Amma ruɗewar da ta zo wa dattijo cikin 'yan kwanaki tana iya zama ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko magani da bai karɓe shi ba, kuma waɗannan ana warkar da su. Ni da ke ba za mu iya rarrabewa ba, shi ya sa ba a jira.

Game da Gordon, kada ki ɗauki dariyarsa da taurin kai. Ya fi ki tsorata, domin shi abin ya faru da shi. Yana da gaskiya da ba ya son a mai da shi yaro, kuma alhakinki ne ki taka wa Bethan burki in ta wuce gona da iri. Amma ba shi da hurumin ɗora miki wannan kaya ke kaɗai. Ba na ce ki kira ta a ɓoye ba. Ki zaunar da shi, ki ce, “Na tsorata jiya, zan kira 'yarmu, ina so kana kusa.” Zai yi fushi. Ki bar shi ya yi, fushi yana wucewa.

Ke ma ki ci abinci, 'yar'uwa, domin akwai zirga-zirga a gabanki. Allah ya ba shi lafiya, ya mai da ku gida tare.

Rosalind